Na Ce Na Warke a Gaban Coci, Alhali Kunnena Mutuwa Yake

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Admin a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, ni kam kaina ya ɗaure.

Ni magidanci ne a Illela, asalina Zuru, shekara sha shida ina da injin niƙa a bakin kasuwa. Ni ne kuma tafintan cocinmu, Fasto ya yi wa'azi da Turanci ni in juya da Hausa, saboda tsofaffi da 'yan'uwan da ke tsallakowa daga Ƙonni. Bara kunnena ya fara ƙugi dare da rana, mutum ya yi min magana sai na ce "mi ka ce?" har sau uku. Na je Sakkwato, likita ya gwada ni ya ce ƙarar inji ce ta cinye jijiyar, na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma ba ya dawowa. Matata kaɗai na gaya wa. Na yi azumi, na yi kuka gaban Ubangiji, shiru. A coci bakin Fasto nake kallo, inda ban ji ba in cike da abin da nake zato.

Wata biyu da suka wuce aka yi taron falkaswa, aka gayyato baƙon mai wa'azi. Matata ce don tausayi ta tura ni gaba. Baƙon ya sa yatsu a kunnena ya yi addu'a, ya koma bayana ya tafa, ya ce na ji? Na ji ɗan kaɗan daga nesa, kamar dai kullum. Amma coci a cike, mata har sun fara guɗa, matata na hawaye. Na ce na ji. Ya ce na warke? Na ce na warke. Har maƙwabtanmu Musulmi sai da suka shigo yi mana barka.

Akwai wata dattijuwa a zumuntar mata, Mama muke ce mata, tana fama da hawan jini. Ta kawo niƙan gero ta ce min, "Ɗana, Allahn da ya buɗe kunnenka shi zai sauke jinina, na zubar da ƙwayoyin nan." Sau biyu ta faɗa kafin in gane, ita ta ɗauka ƙarar inji ce ta hana ni ji. Na yi murmushi na ce amin. Makon jiya ta faɗi a tsakar gida. An sallamo ta daga asibiti, hannu ɗaya ba ya ɗagawa, kuma har yanzu ta ƙi magani, wai shan sa rashin bangaskiya ne.

Na ce wa matata zan faɗi gaskiya, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce za a sauke ni daga tafinta, yaranmu za su sha gori, masu raunin bangaskiya za su bar coci, wai in daure wataƙila warkarwar tana hanya. Ni kuma cikin fushi na ce ai ita ta tura ni. Kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ban bar Allah ba, amma in na durƙusa kalma ba ta fitowa. Na san yana iya warkar da ni, abin da ban iya ba shi ne dogara gare shi in ya ga dama ya bar ni kurma. Ina tsoron ranar da ƙaramar 'yata za ta kira ni Baba in ga bakinta kawai.

'Yar Mama ta aiko in zo ran Asabar in yi wa mahaifiyarta addu'a, wai maganata kaɗai tsohuwar take ji. In faɗa wa Mama a ɓoye, ko in fara zuwa wurin Fasto, ko in tsaya gaban ikilisiya inda na yi ƙaryar? In kuma gaskiyar ta karya mata zuciya tana cikin wannan hali fa? 'Yan'uwa, mi zan ce wa tsohuwar nan? Ku sa ni a addu'a, ni na kasa yi wa kaina.