Abin da Na Ɗinke Cikin Ɗamarar Laimarka

Zuwa ga ƙanena Bashiru, autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, ina fatan ka isa lafiya, ka tarar da abokan aikinka lafiya. Mutanen gida na Sabon Birni duk suna gaishe ka. Yau Alhamis, ina garin Isa, a shagon wata ƙawata, don a nan ne waya ke kamawa sosai.

Kafin komai, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kada ka hau jirgi ranar Asabar da jakar laimar da ka zo da ita gida. Kada ka goya ta ko don gwaji. Na farke ɗinkin ɗamararta, na mayar da shi da zaren da ba nata ba.

Ka san ni, ba na shanya maganar gida a bainar jama'a. Amma ka ce wayarka ta fashe a hanya, sai bayan jarrabawa za ka sayi wata. Lambar da ka kira mu da ita daga tasha na buga ta har mai ita ya gaji da ni. Direba ne, ya ce wani bawan Allah ya ara wa, bai san inda ya nufa ba. Sunan wurin aikinka kuwa da Faransanci ka faɗa, ya ƙi zama a kaina. Shi ya sa na sa wasiƙar a nan shafin sada zumunta inda kowa ke gani, ko Allah zai sa wanda ya san ka ya kai maka ita kafin jibi.

Har yanzu mamaki nake yadda ka ƙare a wannan sana'a. Kai da ko rumbu aka ce ka hau ka ɗebo gero sai ka ce cikinka na ciwo. Ka bi fatake zuwa Maraɗi, daga can ka haye hamada, shekara huɗu sai murya a waya. Da ka ce kana aikin naɗe laima a wurin da mutane ke faɗowa daga jirgin sama don nishaɗi, Inna ta ɗauka laimar ruwa kake nufi, har ta ce Allah ya sa albarka. Sai daga baya muka gane kai ma kana faɗowar.

Watan jiya da ka zo, jakar nan ta fi mu samun kulawarka. Ba ka yarda a ajiye ta a rana ba, ba ka yarda a zauna kusa da ita da abinci ba. Ranar da ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka nuna mana ita, ni idon maɗinkiya na sa. Shekara ashirin ina kan keken ɗinki ban taɓa ganin ɗinki mai tsabta irin wannan ba. Na kai hannu, ka buge shi da wasa, ka ce, “Yaya Kulu, da ido kaɗai.”

A kan tabarmar nan ka faɗa mana maganar Asabar. Ka ce kana neman takardar zama malami mai koya wa sababbi, kuma ba a ba mutum ita sai ya faɗo sau ɗaruruwa, an shaida. Ka ce mai jarrabawar zai fito tare da kai ya mai da kansa ɗalibi mara wayo, ya yi ta juyi a sama da gangan, kai kuma ka bi shi ka kamo shi, ka daidaita shi, ka buɗe masa laima, sannan ka nemi taka. Kana faɗa kana dariya. Ba ka lura Inna ta daina jan carbi ba.

Kwana biyu bayan haka ka tafi Kurawa gaishe da Kawu a kan babur, ka bar jakar a ɗakin Inna don kada ruwa ya dake ta a hanya. Kana fita ta aika a kira ni. Ta ciro wata 'yar laya daga bakin zanenta, siririya, ba ta kai babban yatsa ba, wadda ta sa aka karɓo mata daga Bafarawa. Ta san ba za ka rataya ba, tunda tun kana sakandare ka tsinke ta wuyanka ka ce Ayatul Kursiyyu ta ishe ka. Ta ce da ni, “Ke Kulu, yaron ga ba shi jin magana. Sa mai ita inda ido bai kai, kusa da zucciya. Kak ki hwaɗa mai.” Ta sa na rantse, na rantse.

Na juya jakar na duba. A gefen hagu, ƙasa da zobban ƙarfe uku na kafaɗa, akwai inda ɗamarar ta ninku biyu, an bi ta da ɗinki mai kai-da-kawo. Na ce nan ne daidai zuciya. Na sa reza. Zaren ya dakushe mini reza biyu kafin na yanke tsawon ɗan yatsa, kuma wallahi a lokacin haushin zaren na ji, ban tsaya na tambayi kaina dalilin taurinsa ba. Na cusa layar tsakanin ninkin. Na ɗauko baƙin zaren da nake gyaran jakar 'yan makaranta da shi, na ninka shi biyu, na goga masa kakin zuma, na bi tsofaffin hudojin da basilla ɗaya bayan ɗaya. Na ɓoye ƙullin a ƙarƙashi.

Da ka dawo ka ɗauki jakar ka dudduba ta kamar yadda ka saba. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonka. Yatsanka ya bi ta kan wurin ya wuce. Bashiru, daɗi na ji. Na koma gida ina yaba hannuna, har na ce a raina turawan nan ba su fi ni iya allura ba. Wannan ne abin da ya fi tsorata ni yanzu. Da mugun ɗinki na yi da tuni ka gani, kuma duk wanda zai duba ka kafin ku hau jirgi shi ma haka zai wuce.

Ka tuna hotunan bidiyo da ka zuba mini a waya kafin ka tafi? Ban buɗe su ba, don ko daga kan katanga na leƙa ƙasa jiri nake ji. Sai shekaranjiya, ina jiran wata mai karɓar ɗinki da ta makara, na ce bari in ga fuskarka. Na faɗa kan wanda ka yi domina, kana nuna kayan ɗaya-ɗaya da Hausa. Ga agogon hannu mai faɗa maka nisanka da ƙasa. Ga babbar laima, ga ta ko-ta-kwana in babbar ta ƙi. Ga 'yar na'ura mai buɗe ta biyun da kanta in mutum ya suma. Ina kallo hankalina na kwanciya, ina cewa ashe abin da tsari.

Sai ka ɗaga ɗamarar. Ka ce mutum yana faɗowa da gudun da ya fi na mota a kan kwalta, laima na buɗewa ta fizge shi, kuma duk fizgar a kan wannan ɗinkin take sauka. Ka ce zarensa na musamman ne, da keke na musamman, an ƙidaya kowace sukar allura, kuma ko kai ba ka da ikon taɓa shi sai maɗinkin laima mai takardar shaida. Yatsanka yana kan wurin da na yanka. Sannan ka ce laimomin biyu duk a jikin ɗamara ɗaya suke rataye. Wayar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa kan keke.

Ban yarda ba da farko. Na ce zarena ma ai ba na banza ba ne. Jiya da safe na sa maigidana ya samo mini tsohon bel ɗin kujerar mota wurin bakanike. Na ninka shi, na ɗinke shi daidai yadda na yi naka, zare ɗaya, basilla ɗaya. Muka ɗaura shi a reshen dogonyaron gidan Inna, muka rataya masa rabin buhun gero a hankali. Ya riƙe. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Maigidana ya dube ni ya ce ai kai ba a hankali kake rataya ba. Ya ɗora buhun kan katanga ya ture shi.

Ban ma ji ƙara mai yawa ba. Ɗinkin ya zare, buhun ya fashe a ƙasa, kaji suka taru. Rabin buhu ne fa, kai kuwa ka fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Inna na zaune kan turmi tana kallo. Can ta ce, “Na kwance miki rantsuwa. Tahi ki hwaɗi, ko duniya duka ta zage mu.” Tun jiya ko ruwan kunu bai wuce maƙogwaronta ba. Ita ta tashe ni neman mota yau, ita da kullum ke hana ni bin hanyar Isa saboda halin da ka san hanyar ke ciki.

Na san abin da za a rubuta ƙarƙashin wasiƙar nan. Wasu za su ce shirka, wasu su ce jahilci, wasu su yi dariya su tura wa abokansu. To su tura ɗin, abin da nake nema ke nan. Kai dai kada ka ga laifin Inna. Ta binne miji da 'ya'ya uku, ɗan da ya rage mata namiji kuma ya zo yana ba ta labarin faɗowa daga sama yana dariya. Abin da ta sani shi ta yi. Ni ce mai reza, ni ce na san ba a sa zare mai tauri a banza. Azumin kaffara ma za ni yi, ko da ta kwance mini.

Kuma kai ma ina jin haushinka, kada ka ga ina kuka ka ɗauka ka tsira. Wane irin mutum ne zai tafi bayan hamada bai bar wa 'yan uwansa lambar ko da abokin aiki ɗaya ba? Da me za mu neme ka, da tsuntsu?

Ga abin da za ka yi. Kai jakar wurin maɗinkin nan mai takarda. Ka ce ya duba gefen hagu, ƙasa da zobba, ta ciki. Zarena ya ɗan fi nasu sheƙi saboda kakin, kuma in ya matsa da yatsa zai ji tudu. Kada ka duba da kanka ka ce ba komai, na san taurin kan Bagobiri, gidanmu ɗaya. In gyaran zai sa ka rasa jarrabawar, ka ari kayan wani, in ba a samu ba ka bar ta ta wuce. Takarda tana jira. Layar kuma ka yi yadda ka ga dama da ita, ba mai tambayarka.

Auta, ni na yi goyonka lokacin da Inna ke jinya, ina 'yar shekara tara, ƙafafunka na dukan bayan gwiwata. Ko tuntuɓe na yi hannuna bayana yake fara zuwa. Ban san yadda za ni rayu ba in aka ce hannun nan ne ya sake ka. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

In wasiƙar ba ta same ka ba kafin Asabar, abu ɗaya ya rage mini. Ka taɓa ce mana a wurinku iska ce sarki. Akwai wani ƙyalle kamar ƙafar wando da kuke ratayewa a kan dogon ƙarfe a bakin fili. In yana lilo a hankali ku tashi, ku sauko kuna fuskantar iskar don ta rage muku gudu. In kuwa ya miƙe sambal, ko yana fizga yana saki, ba mai hawa jirgi, don irin wannan iskar tana jan mutum baya, tana iya murƙushe laima dab da ƙasa. Ka ce wani lokaci sai ku kwana uku zaune kuna shan shayi kuna hararar ƙyallen.

Nan damina ta kama, gero ya kai gwiwa, kowa a garin nan roƙonsa Allah ya kawo ruwa ba iska, saboda kwanon rufi da shuka. Ni da Inna kaɗai muke roƙon akasin haka, kuma ba mu jin kunya.

Ya Allah, Mai tura iska inda Ya so, Ka tura ta filin su Bashiru. Ka miƙar da ƙyallen nan tun daga asubar Asabar, kada Ka bar shi ya kwanta. Ka zaunar da jirginsu a ƙasa, kwana uku ko bakwai, har maganata ta isa kunnensa. Ka sa wasiƙar nan a idon wanda ya san shi. Ka yafe wa Inna, Ka yafe mini, kada Ka kama shi da aikin hannuna. Amin ya Rabbal alamin.

Ina nan Isa, wayar na hannuna. Ba ni komawa gida sai na ji muryarka, ko da zagina za ka yi.

Yayarka,
Kulu