Wuta-wutar Gonar Mamuda

Barkiya, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Ja'afar a Dutsin-Ma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ma'u da yara. Ka lura da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Ajin manya bai tafi a banza ba.

Dalilin takardar shi ne, Malama Mardiya ta gidan rediyo, mai shirin kimiyya, ta zaɓi gonata domin binciken wuta-wuta, ciyawar da ke cinye mana dawa. Ka san ba a tarbar baƙo da ƙazanta. Saboda haka kwana biyu kafin zuwanta na tuge ta ƙaƙaf, da furenta da komai, na zuba a kan tarin takin shanuna.

Da ta iso sai ta bayyana mini cewa ciyawar ta zo gani. Ta zarce gayaunar mahaifiyarmu Inno, suka daɗe. Amma ni ma na yi jawabi na kusan awa guda.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ta ce irin wuta-wuta yana shekara goma a ƙasa, ba ya tsirowa sai ya ji saiwar dawa kusa. Ina hancinsa yake? Ka tambayar mini malaman makarantarku.

Yayanka,
Mamuda

Barkiya, 2 ga Nuwamba

Ƙanena Ja'afar,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Ma'u?

An sa shirin, na tara mutane a ƙofar gida. Daga dogon jawabina, abin da aka saka kawai shi ne inda na ce na tuge ta duka. Sauran muryar Inno ce, tana bayanin yadda ciyawar ke raguwa inda take shuka waken suya. Malamar ta ce saiwar waken tana yaudarar irin, ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. An yi dariya. Ban yi fushi ba, sai dai na yi mamaki. Shekara arba'in ina wuce gayaunar nan ban tambaya ba.

Ga damuwata. A shirin an ce wadda ta yi fure ƙone ta ake yi, domin irinta ya fi garin tuwo laushi. Tawa kuwa tana cikin takin shekara guda, kuma ba ni da kuɗin na zamani. In kai shi gona, ko in bar shi? Na kira Malamar, ta ce kada in ɗauki maganarta, in gwada. Na sami fasassun tuluna biyu, na zuba yashin rafi. Ɗaya na haɗa da takina, ɗaya da na maƙwabci, na shuka dawa. Kullum ina ba su ruwa.

Yayanka,
Mamuda

Barkiya, 14 ga Janairu

Ƙanena Ja'afar,

Ina gaishe ka da iyali, Inno ma tana gaishe ku.

Labari biyu ne. Shirin ya ci lambar yabo ta ƙasa, an kuma ambaci sunan Inno. Ta ce a ba ta goro, ya fi mata.

Na biyu, wuta-wuta ta fito a tulun takina, guda bakwai. A ɗayan babu ko ɗaya. Ashe da hannuna na so in shuka ta. Takin nan ba zai shiga gonata ba. Bana waken suya zan shuka a rabinta, na kuma roƙi Inno iri, ta ba ni bayan ta ja mini rai.

Maganar hanci har yanzu ba ka amsa ba.

Malama Mardiya za ta zo ranar Laraba ta ga tulunan. Jiya na tarar da matata Zaituna ta miƙa hannu za ta tuge ciyawar saboda baƙuwa. Na riƙe hannun. Yanzu na kewaye tulun da ƙaya.

Yayanka mai ƙaunarka,
Mamuda Barkiya