Kogin da Ya Riga Ruwan Sama

Da sunan Allah, Mai jujjuya dare da yini. Aminci ga mai karatu.

Fadikpe, Minna

Zuwa ga jikata Khairat,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji wai ba za ki zo Sallah ba. Amaryata, tsufana kika guda, ko kin samu saurayi a jami'ar? Ki faɗa mini gaskiya.

Kakanki, Malam Badaru

*

Kaka, ina gaisuwa.

Wane saurayi, ga ango mai sanda! Aikin digirina ne ya cije. Na rubuta wa kwamfuta umarnin haɗa fayil biyu, na ruwan sama da na cikar kogi a Zungeru, kwana da kwana. Sai sakamakon ya nuna kogi yana cika tun kafin a yi ruwan. Malamina ya ce in ban gyara kafin hutu ba, sai baɗi zan gama. Ka sa ni a addu'a.

Khairat

*

Amaryata,

Bayan gaisuwa, na kwamfuta dai ban san komai ba, sai addu'ar. Amma kin tuna mini haihuwarki. Bayan magaribar Alhamis kika zo duniya. Asibiti suka ce Alhamis, ni na ce daren Juma'a, domin a wurinmu kwana daga faɗuwar rana yake farawa. Marigayiya kakarki ta rasu muna wannan gardama, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Shaidun nan naki biyu, na ruwan sama da na kogi, kin tambayi kowanne yaushe kwanansa yake farawa?

Allah Ya buɗa miki.

*

Kaka, barka da ibada!

Na tambaya. Na'urar kogi tana fara kwananta da tsakar dare. Masu auna ruwan sama kuwa sai da hantsi suke duba ma'auni, su rubuta ruwan jiya da kwanan watan yau. Na mayar da kowane awo kwanansa, na sake haɗawa. Yanzu ruwa ke sauka, kogi ya biyo baya. Malamina ya sa hannu. Ina tafe ranar Juma'a, in Allah Ya yarda.

Khairat

*

Amaryata,

Alhamdu lillahi. Ki zo Juma'ar asibiti, ba laifi. Ni dai tun magaribar Alhamis zan sa a fitar mini da kujera ƙofar gida.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya yi miki albarka, ke da duk wanda ya karanta wannan. Amin.

Kakanki