Tsohuwar da Ke Tsare Gada

Litinin, 3 ga Maris

Auta ya zo yau, ɗan autan ƙanwata, wanda nake yi wa kallon ba shi da sana'a sai danne-danne. Ashe shi da abokansa kamfani suka buɗe, gem suke haɗawa, irin wanda ake jonawa a talabijin a yi ta sara da suka. Wai murya suke nema. Muryar tsohuwa. Na ce ka zo gidan da ya dace, amma ka iya bakinka.

Rabona da makirufo tun ranar da aka rufe sashen wasan kwaikwayo a gidan rediyo aka sallame mu. Na ja masa aji, na ce zan duba ko ina da lokaci. Ni da ba ni da abin yi sai ban ruwan fulawa da faɗa da jikokin maƙwabta. Yana fita na ɗauko takalmin fita unguwa na goge.

Laraba, 5 ga Maris

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Wayoyi ko'ina a ƙasa, sai da na ɗage zani. An haɗa ni da Marubuciya, wata siririya mai tabarau da ba ta iya kallon mutum a ido. Ita ta rubuta labarin.

Wani saurayi ne aka ƙone garinsu yana ƙarami, ya girma ya ɗauki takobi zai je ɗaukar fansa. Mai buga gem shi ne saurayin. Ni kuma tsohuwar da ta tsince shi ta raine shi, wadda ke tsare gadar da zai haye. Ta san idan ya haye ba zai bar ko kaza da rai ba, don haka ta tsaya da sandarta ta ce sai dai ta kan gawarta. Kafin su gwabza tana da jawabi, shafi biyu cur. Yadda yake tsoron ruwa yana yaro, yadda take goya shi su haye gadar idonsa a rufe, yadda ya taɓa jiƙa mata zani a tsakiyar gada don tsoro ta ce wa mutane ruwan kogi ne.

Na karanta sau biyu a motar haya har na wuce inda zan sauka. Duk shekarun da na yi a rediyo ban samu jawabi irin wannan ba, kullum ni ce uwar miji mai masifa ko mai dillancin gulma. Kuma na san ba zan ƙara samu ba. Wannan ne na ƙarshe, ina so in bar shi da kyau.

Abin da ya tsaya min a wuya: duk wanda ya sayi gem ɗin sai ya kashe ni kafin ya wuce gaba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je da jawabina a baki, na haddace rabi. Aka ce ba yau ba, yau ihu za a ɗauka.

Ihun an buge ka a kafaɗa daban, na ciki daban, na faɗuwa ta baya daban, na faɗuwa ta gaba daban. Ina cikin wani ɗan akurki da aka manna wa soso, Auta yana bayan gilashi yana cewa, "Inna, ya yi kyau, amma a ƙara ciwo kaɗan." A ƙara ciwo kaɗan! Kamar gishiri. Na mutu yau kala-kala har na rasa wacce ce tawa.

A rediyo ko ɗan koyo ya san ihu shi ake bari ƙarshe, don yana cin murya. Na so in faɗa, sai na ga kar a ce tsohuwa ta zo ta fara wa'azi. Na ci gaba da ihuna. Girman kai ne, na sani.

Ina ta tuna Dogo, Allah ya jiƙansa. Shi ne mijina a wasa shekara da shekaru, shi ne kuma mai haɗa mana sauti. Idan za a kashe mutum a wasanmu, buhun yashi yake saki a ƙasa, tim, sai ya ɗaga hannu kowa ya riƙe numfashi. Shirun nan shi ne mutuwar. Lokacin da aka kashe shi a wani shiri, mata suka zo ƙofar gidan rediyo yi min ta'aziyya, yana tsaye a gefena yana amsa "amin" tare da ni. Wanda ya fito a makashinsa kuwa sai da ya canza kasuwa, mai nama ya ce ba zai sayar masa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Murya ta dishe. Ruwan ɗumi da zuma. Ƙanwata ta kira, ta ɗauka namiji ne ya ɗaga.

Talata, 11 ga Maris

Muryar ba ta dawo duka ba, likita ya ce a shekaruna kar in sa rai ta koma yadda take. Ranar da suka tsayar ba ta ɗaguwa, haka na shiga na yi jawabin da abin da ya rage min. Tana karcewa, tana yankewa a inda ban so ba. Wurin da nake cewa "ban taɓa sauke ka a tsakiyar gada ba" sai iska kawai ta fito.

Da na fito na tarar Marubuciya ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Mama, kar a sake ɗauka." Na yi kamar ban ji daɗi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na bi ta tsohon gidan rediyon a hanyar dawowa daga dubiya. Yanzu kujeru da gadaje ake sayarwa a ciki. Na leƙa. Inda muke tsayuwa mu zagaye makirufo ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, Dogo yana warin lemon tsami da sigari, an ajiye wani gado mai madubi. Mai shagon ya tambaye ni ko na ɗiyata nake nema. Na ce kallo nake.

A lokacinmu mutum zai bar abincinsa ya huce don kar magana ɗaya ta wuce shi. Ba mu nuna musu komai ba, su suke zana mu a ransu. Wata ta taɓa ce min ta ɗauka ni ƙatuwa ce.

Juma'a, 21 ga Maris

Yau raina ya ɓaci, bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Sun tara matasa su gwada gem ɗin, Auta ya ce in zo in gani. Na zauna a baya, ba wanda ya san ni ce. Na ga sara, na ga jini har a fuskar talabijin, suna ta sowa. Aka iso gada. Tsohuwa ta fito, sun zana ta da ƙusumbi, ba komai. Na ji muryata ta ce, "Zauna, ɗana." Kafin ta ƙara kalma na gabana ya danna wani abu, jawabin ya ɓace, aka shiga faɗa. Na kusa da shi ma haka. Duk haka. Ɗaya har cewa ya yi, "Tsohuwar nan ta cika surutu." Ina bayansa, jakata a hannu. Allah ne ya tsare ƙeyarsa.

Bayan sun watse Auta yana ta sosa kai, ya ce wataƙila a cire jawabin, a bar ihun kawai. Na ce masa laifinku ne. Kun ba yaro takobi tun safe yana sare kawuna kamar yana girbi, sannan ku ce ya zauna ya ji tarihin tsohuwa? Hannun da ya saba da sara ba ya barin kunne ya yi aiki. Saurayin naku ma wane irin mutum ne, a labari an ce yana da tausayi, a hannunsu ya kashe rabin duniya. Ya ce, "Inna, ba labarin suka ƙi ba. Sun ƙi a ƙwace musu abin dannawa a ce su naɗe hannu." Na ce to mu da muka yi shekaru mutane na naɗe hannu suna saurarenmu, mahaukata ne? Ya raka ni bakin titi, ban yi masa sallama ba.

Ke nan abin da zai rage nawa a duniya shi ne "wayyo" ta kafaɗa da "wayyo" ta ciki.

Alhamis, 27 ga Maris

Marubuciya ta zo gida ita kaɗai. Ta zauna a bakin kujera kamar za a kore ta. Wai ta samo dabara: za a yanyanka jawabin, a sa shi cikin faɗan. Duk bugun da ya same ni, sai in faɗi jimla ɗaya. Ba mai iya tsallakewa.

Na ce wato kun mayar da ni ganga, sai an doka zan yi magana. Ta ce ko haka, ko a cire gaba ɗaya. Na ce ku yi yadda kuka ga dama, na riga na karɓi haƙƙina. Da za ta tafi ta ce mahaifiyarta tana gaishe ni, wai da muryata aka yaye ta. Na ba ta fulawa ɗaya a gwangwani, ban san dalili ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Auta ya kira. Ban ɗaga ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ya zo da kansa da hantsi, da akwatin gem ɗin a hammata. Bai tambaye ni ba ya zare wayar talabijin ya jona. Ya ɗora min abin dannawa a cinya, ya nuna min: wannan tafiya, wannan sara, wannan karewa. Ya kai ni daidai gada. Na ce ni ba yarinya ba ce. Ya ce zai je gyaran mota ya dawo.

Na daɗe ina kallonta tana kallona. Tana jingine da sandarta, ba ta cewa komai. Na yi ƙoƙarin ratsawa ta gefe, ta tare. Na danna, don in ga ƙarshen rashin kunyarsu.

Takobi ya same ta a kafaɗa. Na san ihun, na Alhamis ɗin nan ne. Sai ta ce, da disasshiyar muryar nan, "Ka ƙara ƙarfi. Da ko tulu ba ka iya ɗagawa." Ta kai min sanda, na kasa karewa, abin ya girgiza a hannuna har na kusa yar da shi. Na ji haushi, wallahi haushi na gaske, na rama. Ta ce, "A nan ka jiƙa min zani. Na ce musu ruwan kogi ne."

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: na ƙara dannawa. Ba don haushi ba wannan karon. So nake in ji ta gaba. Ni da na haddace jawabin, ni da na faɗe shi da bakina, na zauna a falona ina dukan tsohuwa don ta ci gaba da yi min magana. Kowace jimla sai na saye ta da bugu, kuma kowane bugu tana ƙara durƙushewa.

Ta kai gwiwa ƙasa. Sandar ta faɗa kogi. Saura bugu ɗaya da jimla ɗaya, na san wacce ce, wadda muryata ta yanke a cikinta. Ba kiɗa, ba komai, sai numfashinta, wato nawa, ashe sun ɗauka lokacin da nake hutawa tsakanin ihu da ihu. Gem ɗin bai matsa min ba. Jira kawai yake.

Mutane sun sha yi min kuka a rediyo, amma ba wanda hannunsa ke ciki. Matan da suka zo min ta'aziyyar Dogo sun koma gida da zuciya fes, wani ne ya kashe shi. A nan ba wanin da zan nuna.

Auta ya dawo ya same ni a haka. Ya dubi talabijin ya dube ni. "Inna, sai kin danna za ki wuce." Na ce ruwan wanki nake jira ya tafasa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Auta ya ce cikin masu gwajin wannan makon har da mai cewa na cika surutu. Wai da yaron ya iso gada sai ya ajiye abin dannawa ya fita waje, ya ce waya zai amsa. Har yanzu ina ganin jinin ya yi yawa, kuma zan faɗa musu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Auta ya aiko a karɓi akwatin. Na ce a bar shi tukuna, ofishinsu ba tsaro.

Na koma farkon gem ɗin, don kawai in ga ko an yi kuskure a sauti. Yatsuna sun fara sabawa, na daina faɗawa rami. Akwai wata 'yar hanya ta bayan kasuwar garin da ta gangara bakin ruwa, na ga kamar kwalekwale a ɗaure a wurin. Na kira shi na tambaya, haka kawai, ko ana iya haye kogin ta can ba sai an bi ta gada ba. Ya ce, "Babu wata hanya, Inna. Mu muka gina shi."

Yaran yanzu ba su san komai ba. Gobe zan duba ta gabas.