Na Rene Ta Dakta, Ta Zaɓi Albasa

Malama Lantana, ki taimaka mini kafin Juma'a, ranar da za a rufe cike fom na jarrabawar shiga jami'a.

Ɗiyata Lailatu shekararta goma sha bakwai. Tun tana aji biyu na firamare nake kiranta Dakta, har duk unguwarmu ta Gidan Igwai aka ɗauka. Mai shayin bakin layinmu ma bai san sunanta na yanka ba. Ni mutum ne mai rubuta komai. Littattafaina goma ne, sakamakonta na kowane zango yana ciki, har ranakun da ta yi fashin lesin. Bara makinta bai kai na likitanci ba. Bana sai ta ce wai aikin gona za ta karanta, don ta gano abin da ke ruɓar da albasar kakanta a rumbu. Albasa fa, Malama. Ni na tsaya a sakandare na ƙare a shagon atamfa, ita kuma da nake wa tanadin farar riga ta ƙare a warin albasa? Na yi mata dariya gaban ƙannenta, na ce jakin kakan nata ma ya san wannan ilimin. Tun ranar, komai na tambaye ta sai ta ce duk abin da Baba ya zaɓa. Abin da nake so ke nan, amma ya hana ni sukuni. Ko ni ne da laifi? Sau uku na rubuta tambayar, ban amsa ba.

Baban Dakta, Sakkwato

Baban Dakta, son da kake wa ɗiyarka a fili yake, likitanci kuma ba abin ƙi ba ne. Amma muzanta yarinya gaban ƙannenta ba tarbiyya ba ce, ƙaranta ce. Kana raina albasa a ƙasar da take cika tireloli zuwa Kudu. Shekara goma kana rubuta maki kamar mai awon hatsi, yanzu kuma kunyar mai shayi kake so ta zaɓa wa yarinya sana'a.

Ɗauko littattafan nan, ka nemo rana ɗaya da Lailatu ta ce da bakinta tana son likitanci. In ka samu, ku zauna ku sake shawara. In ba ka samu ba, ka ba ta haƙuri gaban waɗanda ka yi dariyar, ka raka ta wurin cike fom, ka jira a waje. Ka kuma koma kiranta da sunanta.

Allah ya yi mata jagora, ya ba ka ikon yin shiru ranar Juma'a.