Fuskar Ramla a Fim Ɗinka

Mudassir,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya mutanen Ƙofar Durbi? Ni lafiya lau nake nan Jidda. Zafin gidan burodin ne dai ya fara taɓa mani ido, amma kada ka faɗa ma Inna.

Na kalli fim ɗinka na matan unguwa da suka haɗa kai suka hana a sayar da filin wasan yara. A wayar wani Bakano na gani, yana ta cewa, "Kai, matar nan jaruma ce!" Na kasa ce mashi matata ce.

Ka rantse ma Ramla za ka rufe fuskarta. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, har da suna. Shekaranjiya ta kira ni tana kuka, mai makarantar da take koyarwa ya sallame ta. Ashe surukin mai neman filin ne.

Kai kana Abuja ana tafa maka, ita tana zaune gida. Ka sauke fim ɗin nan, ka je ka ba ta haƙuri gaban Inna. In ka ƙi, ranar da zan dawo kada in ga ƙafarka cikin 'yan tarba.

Allah ya ƙara ma Inna lafiya.

Yayanka,
Sada