Ƙashin da Na Kasa Yi wa Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma samfuran da na haɗa sun farfashe. Ɗaya bayan ɗaya na sa su a ƙarƙashin injin matsi, kowanne ya ce ƙas tun nauyin bai kai rabin abin da ƙashin ƙafa ke ɗauka ba. Shekaru ke nan abu guda nake yi a ɗakin gwajin nan: cuɗa farar hodar ma'adinin ƙashi da kolajin, wani sinadari mai danƙo da muke tatsowa daga fatar kifi, ko a samu abin cike gurbin ƙashin da ya lalace. In hoda ta yi yawa, ya karye kamar alli. In kolajin ya yi yawa, ya lotse kamar soso. Na gaji.

Alhamis, 6 ga Maris
Na leƙa Yaya a asibiti. Tun da ya faɗo daga kan rufin da yake bugawa, ƙashin ƙwaurinsa ya ƙi haɗewa. Giɓi ne kamar tsawon yatsa. Yana ganina ya ce, "Auta, ina ƙashin nawa? Ko kin koma tela ne, kullum sai gobe?" Na taya shi dariya. Kukan a banɗaki na yi shi.

Asabar, 15 ga Maris
Wani haɗin ya jure a bushe, har na yi tsalle ni kaɗai. Da ya kwana cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, sai ya koma laka. Jikin mutum kuwa ba busasshe ba ne.

Laraba, 19 ga Maris
Shugabar sashenmu ta ja ni gefe. "Ko da gobe haɗin ya jure, sai an gwada a zomaye, sannan tumaki. Aikin shekaru ne, kin sani." Na sani mana. Umma ce ba ta sani ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa 'yarta na haɗa wa wanta ƙashi. Bakina ya kasa gyara mata.

Talata, 1 ga Afrilu
Raunin Yaya ya ruɓe, ciwon ya ci ƙashi. Likita ya ce ba sauran jira.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An yanke. Ƙasa da gwiwa.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Umma ba ta ce mini komai ba, gara ma ta zage ni. Yaya ya daina zolayata, shi ya fi yi mini ciwo. Da na ce masa na bar aikin, bango ya juya wa fuska. "Ke kika sani, Auta."

Litinin, 28 ga Afrilu
Kayana kawai na je kwasowa. Na tarar an kawo sabuwar fatar kifi an ajiye a kan teburina, ba wanda ya taɓa. Na wanke ta, na kankare, na sa a firji, don kada ɗakin ya yi wari ne kawai. Mai kula da injin matsi ya tambaya ko ya ba wani ranar Alhamis ɗin da nake amfani da injin.

Na ce ya dakata tukuna.